Majalisar Dokoki da Manomin Auduga: Ƙasar Funtuwa da Malumfashi, 1951 zuwa 1987



Masu binciken harkar mulki a Afirka sun saba auna ƙarfin majalisar dokoki da abin da ke gudana cikin zaurenta, watau kujeru nawa kowace jam'iyya ta ci, dokoki nawa aka zartar, sau nawa aka tilasta wa gwamnati ta janye ƙudurinta. Wannan awo yana da amfaninsa, ban raina shi ba. Amma yau ina so in ɗauki ma'aunin in kai shi gona, can ƙasar Funtuwa da Malumfashi, in yi tambaya ɗaya: abubuwa ukun nan da suka fi taɓa rayuwar manomi, haraji da kuɗin auduga da taki, wane ne ya yanke shawararsu, kuma a wane zaure aka yanke ta?

Majalisa dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina. Galadima, wanda mazauninsa ke Malumfashi, yana cikin masu zaɓen sarki tare da Kaura da Yanɗaka da Durɓi, kuma marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya nuna cikin bincikensa na tarihin Katsina cewa sarauta tsari ce mai muƙamai da yawa, sarki bai isa ya tafiyar da ita shi kaɗai ba. Da Turawa suka zo, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sai aka tura hakimai su zauna cikin gundumominsu, aka yanka musu albashi daga Baitulmali, babban aikinsu ya zama tara haraji da jangali. Sa'an nan jirgin ƙasa da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa, ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929, kamfanin BCGA, wanda mutane ke kira Bisije, ya kafa injinan gurzar auduga. Manomi yana bukatar tsabar kuɗi don biyan haraji, auduga ce kuwa ke kawo su, don haka igiya biyun nan suka ɗaure shi tare.

Zaɓen farko na Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa, cikin 1951, hawa hawa aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a hawan ƙarshe an yarje wa En'e ta cusa mutanenta kimanin kashi goma bisa ɗari na masu zaɓen. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano cikin Agusta 1950, ta ci zaɓe a hawan ƙasa a wurare da dama, amma ba ta sami ko kujera ɗaya ba. Ko bayan da aka gyara tsarin, binciken B. J. Dudley da na C. S. Whitaker sun nuna cewa yawancin wakilan da ke zama a zauren Lugard a Kaduna ma'aikatan En'e ne ko masu riƙe da sarauta. Mutumin da ke karɓar haraji a gunduma shi ne kuma aka tura ya binciki yadda ake karɓarsa. Kuɗin auduga kuwa hukumar ciniki ce ke yanka shi a farkon kaka, tun daga 1949, daga baya kuma Hukumar Cinikin Amfanin Gona ta Jihar Arewa daga 1954, rarar da ta samu ita ce gwamnati ta riƙa yin manyan ayyukanta da ita. Matan da ke tsintar audugar nan kuma suna kaɗinta ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

Daga Janairu 1966 zuwa Oktoba 1979 babu majalisar dokoki ko kaɗan, soja ke mulki. To, a tsakiyar wannan lokaci ne, cikin 1975, aka soma Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya game Funtuwa da Bakori da Faskari da Ƙanƙara da Malumfashi. Ya shimfiɗa hanyoyin karkara, ya gina cibiyoyin sayar da takin zamani da iri, kuma a zamaninsa masara ta soma ture dawa daga gonaki da yawa. Wannan alheri ne da duk wanda ya san ƙasar ba zai musa ba. Amma masu bincike da suka bi sawun shirin sun lura cewa malaman gona sun fi mai da hankali ga waɗanda aka laƙaba wa suna manoma masu ci gaba, da manyan manoma masu hali, daga cikinsu har da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati daga birni. An ci bashi da sunan jama'a, an zaɓi wanda za a fara ba taki, alhali kuwa babu wani zaɓaɓɓen wakili da zai miƙe ya ce a zo a yi bayani.

Wannan ya kawo mu ga shekarar 1979, inda nake so mu ɗan daɗe. A zaɓen Jihar Kaduna ta wancan lokaci, wadda ta haɗa lardin Katsina da na Zazzau, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ka da Alhaji Lawal Kaita na NPN ya zama gwamna. Amma cikin kujeru 99 na majalisar dokoki NPN ta ci 64, PRP 16 kacal. Gwamna ya sanar da soke haraji da jangali tun farkon hawansa, ya kuma kafa hukumar binciken filaye don sauraron koke-koken manoman da aka ƙwace wa gonaki. Da maganar faɗaɗa shirin Funtuwa zuwa dukan jihar ta taso, gwamnatinsa ta ƙi yarda da sharuɗɗan Bankin Duniya, musamman na cewa baƙi daga ƙasashen waje ne za su riƙe manyan muƙaman shirin. Ku lura da kyau: soke harajin da talaka ya yi murna da shi, da jayayyar da aka yi da bankin, duka daga ofishin gwamna suka fito.

Majalisa fa? A ƙarƙashin shugabancin Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa ta yi ta mayar da sunayen kwamishinonin da gwamna ya aika mata, har ya yi wata ashirin da 'yan kai yana mulki ba kwamishina ko ɗaya, sa'an nan ran 23 ga Yuni 1981 ta tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya gaje shi. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya. Adalci ya wajabta in ce majalisar tana da hujjarta. Jama'a ne suka zaɓe ta kamar yadda suka zaɓi gwamna, sashe na 170 na tsarin mulkin 1979 ya ba ta ikon tsigewa, har ma ya hana kotu sa baki, kuma gwamnan da ya ƙi neman sulhu da masu rinjaye ya san abin da ya taka. In da ma'aunin zaure za a yi awo, da wuya a sami majalisar jiha da ta fi wannan nuna ƙarfi a Jamhuriya ta Biyu. Ni dai a ganina ƙarfin nan ya ƙare ne wajen takaddamar wa zai riƙe mulki. Damina biyu aka shiga cikin wannan rikici, kuma batun wa zai sami taki, da kan wane sharaɗi za a ci bashi, bai zama shi ne abin da ya raba zauren ba.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Lawal Kaita ya ci zaɓen 1983, wata uku bayan hawansa soja suka kifar da gwamnati ran 31 ga Disamba. Hukumar Auduga ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1977 da babban ofishinta a Funtuwa, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe ta cikin 1986 tare da sauran hukumomin ciniki, manomi ya koma yin ciniki kai tsaye da 'yan kasuwa da masu injinan gurza. Kamar yadda aka kafa ta ba tare da majalisa ba, haka aka rushe ta. Ran 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ita ma da dokar soja, kuma sai cikin 1992 mutanen Funtuwa da Malumfashi suka tura wakilansu na farko zuwa majalisar dokokin sabuwar jihar.