Dokar Bankin Ajiya na Gidan Waya da Manomin Kudancin Kano

A Ingila aka fara kafa bankin ajiya na gidan waya, cikin 1861. Dokarsa ta ce Gwamnati ce ke lamunin kuɗin, ana karɓar ko sule ɗaya ne, an kuma hana ma'aikaci faɗin sunan mai ajiya ko yawan abin da ya ajiye. Bisa wannan tsari aka kawo shi Ikko, ya biyo Turawa har Kano.

Sharaɗin rufin asirin nan ya dace da manomin gyaɗa na Kiru ko Bebeji, wanda ba ya son dagaci ya san samunsa, balle ga haraji tafe. Amma fa ba a zubawa, ba a ɗiba, sai an je gidan waya da littafin ajiya a hannu, ga Tudun Wada da Doguwa da nisa. Sa'an nan ga kuɗin ruwa, wanda malamai ba su yarda da shi ba. Don haka masu albashi suka fi cin moriyarsa, manomi kuwa ya riƙe adashi da tumakinsa. Akasarin kuɗin ma a London aka juya su.

Cikin 1974 aka mai da shi Bankin Ajiya na Tarayya.