Anar: faifan da aka naɗa a Sakkwato, wayoyin talakawa sunka kai shi duniya

 Yau za mu waiwayi tarihin wani faifai wanda watakila wasunmu sun taɓa jin waƙoƙinsa cikin waya ba su san mai su ba.

Sunansa Mahamadu Sulaiman, duniya ta san shi da Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga jihar Tawa, wajen Cintabaradan da Abalak. Yana yaro ya ga Abdallah Oumbadougou yana kaɗa gitar, abin ya shiga ransa. Gidansu ba a son kiɗa, kuɗin saye kuma babu, sai ya sassaƙa katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke. Da ita ya koya, kuma da hagu, don bahago ne.

A 2008 ya tsallaka iyaka zuwa Sakkwato, ya naɗi faifansa na farko, Anar. Lokacin nan waƙoƙin finafinan Hausa ke tashe, shi ma irin aikin da anka yi masa ke nan. Gitar tana tafiya a natse irin ta hirar dare, ganga ta na'ura ce, murya kuwa an bi da ita ta injin da ke lanƙwasa ta. Waƙa da Tamashak, tufafinta na Hausa.

Ba kamfanin da ya buga shi, ba kantin da ya saida shi. Daga kart memwar zuwa kart memwar ya yi ta yawo, ta bulutut, tasha da kasuwa, har Kidal cikin Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na Sahel Sounds, yake kwafar waƙoƙi daga wayoyin mutane. Waƙar "Tahoultine" ta shiga tarin da ya fitar, Music from Saharan Cellphones, wanda anka buga kan faifan garmaho a 2011. To amma sai da ya sha cigiya kafin ya gano mai waƙar, don garin yawo daga hannu zuwa hannu suna yakan faɗi.

Da anka same shi, hanya ta buɗe: Afelan a 2013, Anar anka sake buga shi a 2014, Afrique Victime a 2021, ga wasanni Turai da Amurka.

Abin da ya sa munka kawo wanga tarihi, shi an yi cigiya an same shi. Namu fa? Masu gurumi, masu goge da masu kalangu nawa ne a ƙauyukanmu waɗanda muryarsu ke kan kaset guda cikin adaka, ko kan kart guda da ba suna? Kaset zafi na cin sa, kart in ta ƙone shi ke nan, tsoho in ya tafi ya tafi da waƙarsa.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. In kun naɗi makaɗi wajen biki, ku rubuta sunansa, da garinsu, da shekara, kafin ku tura wa kowa. Mai tsohon kaset kuma ya kawo mana gidan rediyo mu kwafe, mu maida masa kayansa. Ku faɗa mana nan ƙasa: wane makaɗi ne na garinku bai kamata a manta da shi ba?