Kasko da Maginiyarsa: Daga Ntereso Zuwa Kukuo

Mu Hausawan Zango muna alfahari da cewa tuwon zafi, wanda ya zama abincin kowa a arewacin Ghana, sunansa daga bakinmu ya fito. Haka ma wake da shinkafa da 'yan kudu ke kira waakye. Amma ba kasafai muke tambayar tarihin mazubin da ake cin abincin a ciki ba, alhali kaskon yumɓu ya girmi tuwon da sunan, ya girmi Zango, ya ma girmi daular Dagomba kanta.

A Ntereso, kusa da kogin Farin Bolta a yamma da Tamale, wani masanin tona ƙasa mai suna Oliver Davies ya haƙo tsingaro a shekarun 1960. Masana sun danganta shi da mutanen da suke kira al'ummar Kintampo, waɗanda suka rayu kimanin shekara 3,500 zuwa 4,000 da suka wuce. A jikin tsingaron akwai zanen da aka danna da abu mai haƙora kamar mataji. Wato tun wancan zamani mai ginin ba ta tsaya ga amfani kaɗai ba, tana son abin ya yi kyau a ido.

Yadda ake ginin bai sauya sosai ba. A unguwar Kukuo da ke Tamale, sana'ar ta mata ce, 'ya ta gada wurin uwa ko kaka. Za a haƙo yumɓu, a jiƙa, a kirɓa shi da garin tsohon tsingaro don kada ya tsage a wuta. Maginiya ta murza shi kamar igiya, tana ɗora wani kan wani, tana shafewa da sakaina, ba inji ba ma'auni sai ido da yatsa. In ya sha iska ta goge shi da dutse mai santsi, sannan a jera a fili a rufe da itace da ciyawa a cinna wuta. A wurare da dama na arewa ana yayyafa wa kayan makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, tun suna da zafi, su yi duhu su rage tsatsafo.

Abin da ke jan mutum ga irin wannan kaya a fili yake. Miyar ayoyo a kasko ba ta saurin hucewa. Randa na sanyaya ruwa ba lantarki, domin ruwan da ke tsatsafowa ta jikinta in iska ta busar da shi sai ya tafi da zafin. Masa kuwa, tsofaffinmu har gobe suna cewa ta tandar ƙasa daban take. Sannan ba kasko biyu da suke ɗaya: kowanne da tabon wutarsa, kowanne da sawun yatsan wadda ta gina shi.

To, me ya ture shi? Tamale ta zama hedkwatar Turawan mulki a arewa a 1907, kuma a shekarun da suka biyo baya kamfanonin ciniki suka cika kasuwanni da kwanukan fenti. Kwano ba ya fashewa, ga launi, ga sauƙin ɗauka. Nan da nan ya zama kayan jeren amarya, a Zango da gidajen Dagomba baki ɗaya. Daga baya tukunyar dalma ta karɓe murhu, roba ta karɓe sauran. Kasko ya koma alamar ƙauyanci ko ta talauci.

Abin mamaki, a daidai lokacin da muke juya wa yumɓu baya, wasu daga waje suke zuwa nemansa. Wani magini ɗan Ingila, Michael Cardew, ya zo Achimota a 1942, daga bisani ya kafa wurin gini a Vume, bakin kogin Bolta, inda ya zauna har 1948. Ya ƙetara Nijeriya, a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata Bagwariya, Ladi Kwali. Cibiyar koyon gini da ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, ta karɓe ta a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da faifai mai juyawa, ta yi farantai da kwanuka da butoci masu ƙyalli, amma ba ta bar ginin hannu da zanen ƙadangare da kunama da kifi irin na garinsu ba. An baje kayanta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Yau hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Mu ma nan Ghana muna da abin nunawa. A Sirigu, can jihar Gabas ta Sama, Melanie Kasise ta haɗa matan garin cikin ƙungiyar SWOPA a 1997 don raya ginin tukwane da zanen bango, har Kofi Annan ya kai musu ziyara a 2002. A kudu kuma asanka, kaskon nan mai zane-zane a ciki da ake niƙa barkono, bai taɓa barin gidajen sayar da abinci ba. Mai kuɗi da talaka duk a ciki suke cin sakwara, ba wanda ke jin kunya.

A nan ne nake ganin darasin yake. Asanka bai rayu don an ajiye shi a gidan tarihi ba, ya rayu ne don ana cin abinci a cikinsa kullum. A aikina na rediyo na sha gayyatar masu sana'ar hannu, kuma kukansu ɗaya ne: ana yabon aikin, ana ɗaukar hoto, amma in an zo ciniki sai a taya kamar ba gumi a ciki. Yarinyar da ta ga uwarta ta yi kwanaki tana kirɓi da gini da gashi, kuɗin kuma bai kai na cefane ba, wa zai ga laifinta in ta ce makaranta ko talla ta fi mata? Ilimin sanin yumɓu mai kyau da lokacin da wuta ta isa ba a littafi yake ba. In hannu ɗaya ya tsallake, ya tafi ke nan.

Ba na cewa a zubar da roba da tangaran, kowane zamani da kayansa. Amma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Uwar amarya ta sa kasko da randa cikin kayan ɗaki. Mai sayar da tuwo ta ajiye 'yan kasake don wanda zai ci a wurin. Mai saye kuma ya biya maginiya kuɗin da ta faɗa ba tare da ja-in-ja ba. Sana'ar da ta kai shekara 4,000 a wannan ƙasa bai kamata a ce a hannunmu ta yanke ba.