Mas'alar Ceton Waɗanda Suka Yi Nisa da Allah a Aƙidar Kirista

Daga cikin mas'alolin da malaman Kirista suka daɗe suna bahasi a kansu, da wuya a sami wadda ta kai wannan nauyi: idan bawa ya yi nisa da Ubangijinsa, ko ta saɓo ko ta jahilci, shi ne zai fara neman hanyar komawa, ko kuwa Ubangiji ne zai fara nemansa? Abin da muke nufin tabbatarwa shi ne, a wurin Kirista Allah ne mai farawa, tubar bawa kuwa amsa ce ga kiran da ya riga ya iso masa.

Hujja ta farko tana cikin Bisharar Luka, sura ta 15, inda Farisiyawa da malaman Attaura suka yi gunaguni domin Yesu yana cin abinci da masu karɓar haraji da masu zunubi, shi kuwa ya amsa musu da misalai uku: makiyayi da ya bar tumaki 99 ya bi sawun ɗaya da ta ɓata, mace da ta kunna fitila ta share ɗaki saboda kuɗin azurfa guda cikin goma da ya ɓace, da uba wanda ƙaramin ɗansa ya karɓi gadonsa ya almubazzarantar a wata ƙasa. Tunkiya ba ta dawo da kanta ba, azurfa ba ta da ƙafa. Ɗan kuwa, ko da yake shi ya kamo hanyar gida, tun yana nesa uban ya hango shi ya sheƙo a guje, ya mayar masa da matsayin ɗa alhali shi matsayin bara ya yi niyyar roƙa. Wanda aka bari tsaye a waje yana fushi shi ne wansa, wanda bai taɓa barin gida ba.

Hujja ta biyu ta shafi al'ummai dungum. A Haikalin Urushalima akwai shingen dutse da aka rubuta gargaɗi a jikinsa cewa duk baƙon da ba Bayahude ba da ya ƙetare shi ya jawo wa kansa mutuwa, kuma a shekarar 1871 aka gano ɗaya daga cikin duwatsun nan da rubutun Girkanci, yana ajiye yau a Istanbul. Manzo Bulus kansa, zargin shigar da Turofimas mutumin Afisa cikin Haikali ne ya jawo kama shi. Wanda ya san wannan tarihi zai gane nauyin sura ta 2 ta Wasiƙar Afisawa, wadda ta ce mutuwar Almasihu a kan gicciye ta rushe katangar gaba, ta kawo na nesa kusa, ba don aikinsu ba, sai don alheri.

Ba a rasa masu ja ba. Wani mai suna Filajiyas ya koyar da cewa ɗan Adam yana da ikon bin umarnin Allah da zaɓin kansa, amma Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi masa raddi cewa hatta son komawar ma baiwa ce, majalisar Kartaj kuma ta yi watsi da koyarwar Filajiyas a shekarar 418. Saɓanin da ya ɓarke a kan wannan mas'ala a zamanin Martin Luther ya daɗe ƙarnoni, har a 1999, a Augsburg ta Jamus, Katolika da Lutheran suka sa hannu kan cewa da alheri kaɗai Allah ke karɓar mutum, ayyuka nagari su biyo baya.

Mai tsoron kada wannan aƙida ta buɗe ƙofar sakaci, sai ya dubi Zakka na Yariko, wanda bayan Yesu ya sauka gidansa ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Karɓa ta riga gyara, amma gyara bai kasa zuwa ba.

Saboda haka ikkilisiyar da ta rufe ƙofarta ga mashayi, ko karuwa, ko ɗan wata ƙabila, har sai sun tsarkake kansu tukuna, ta saɓa wa asalin aƙidarta. Wajibi ne shugabanninta su fita nema, kada su zauna jira.