Matsayin Hausa da Ingilishi a Sha'anin Mulki da Shari'a a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Kafin Turawa su ci Sakkwato a shekarar 1903, Larabci shi ne harshen rubutun hukuma a wannan yanki. Da shi ake rubuta wasiƙun sarauta, kuma da shi alƙalai ke duba hukunci a littattafan fiƙihun Malikiyya, ko da yake da Hausa ake sauraren ƙara. Da Turawa suka kafa mulkin En'e, sai Gusau da Tsafe da Bunguɗu suka zama gundumomin hakimai a Lardin Sakkwato. Hausar boko ta shiga ofisoshin hakimai wajen lissafin haraji da jangali, aka kuma wajabta wa jami'an Turawa cin jarrabawar Hausa. Amma fa rahoton da Razdan ke aikawa Kaduna da Ingilishi yake rubuta shi.

Tsarin mulkin 1954 ya amince da Ingilishi da Hausa a Majalisar Jihar Arewa, wakilai suka riƙa muhawara da duk wanda suka ga dama. Idan aka dubi tsarin mulkin Jihar Arewa na 1963 kuwa, za a ga inda gizo ke saƙa. An ce a gudanar da harkokin majalisa da harsunan biyu, amma dole a buga kowace doka da Ingilishi, in kuma an buga ta da Hausa aka sami saɓani, to na Ingilishin za a bi. Wato dai an ba Hausa bakin magana, an riƙe alƙalami. Dokar Final Kod da ta fara aiki a 1960 ta wannan hanya ta iso kotunan alƙalai, alhali da yawa daga cikinsu karatun Larabci suka yi, sai da aka haɗa musu da fassara da kwasa-kwasai.

Bayan rushe Jihar Arewa a 1967 matsayin Hausa ya ƙara raguwa a takarda. Sashe na 97 na tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ta yi aiki da Ingilishi, sai in ta zartar da ƙuduri sannan ta ƙara da wani harshe.

Abin lura shi ne, ko da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, aka kuma ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, kundin hukuncin laifuffukan da ya fara aiki a Janairun 2000 da Ingilishi majalisa ta zartar da shi. Manomin Bunguɗu ko Tsafe zai yi shari'arsa ta gado ko gona da Hausa a gaban alƙali. Da zarar ƙarar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sai an mayar da bayanan shari'ar zuwa Ingilishi, kuma abin da mai fassara ya rubuta shi alƙalan za su karanta.