Kwalekwalen goyo: jirgin da ake haɗawa da dutsen guga

Kwalekwalen goyo, wanda Turawa ke kira packraft, ƙaramin jirgin ruwa ne na mutum ɗaya da ake hura wa iska. Nauyinsa bai cika wuce kilo 4 ba, don haka matafiyi kan naɗe shi a jaka har sai kogi ya tare masa hanya. Ya yi suna a jihar Alaska ta Amurka tun shekarun 1980.

Masu haɗa shi a gida ba sa ɗinki, domin kowace hudar allura kafar iska ce. Yadin nailan suke amfani da shi, mai shafen robar TPU wadda zafi ke narkarwa. Akan gama bakin yanki biyu, a shimfiɗa siririn ƙyalle a kai, roba na fuskantar roba, sannan a bi da ƙaramin dutsen guga mai zafin kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, a danne har ya huce. Nan gizo ke saƙar: idan zafi ya gaza, haɗin ya ɓare a tsakiyar kogi, idan ya zarce, yadin ya ƙone.

Kafin a shiga ruwa akan hura shi, a shafa masa ruwan sabulu. Inda kumfa ta taso, nan yake yoyo. Galibi rumbun iska ɗaya gare shi, saboda haka ba a hawansa sai da rigar ceto.