Tsargawar Haƙori a Ƙasar Damargu: Nazarin Sababi da Hanyoyin Kulawa a Yankin Gangara

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ɗan gajeren ciwon nan mai kaifi da ke tsarga haƙori idan ya gamu da sanyi, zafi ko tsami. An bi ta kan binciken da likitocin haƙori suka wallafa, aka auna shi da abin da mutanen Gangara, a gundumar Tanut ta jihar Damagaram, suke ci da sha da kuma yadda suke goge baki. Hujjar maƙalar ita ce, a irin wannan wuri gano ainihin ciwon da gyaran al'adar sha da goga su ne kan gaba, man goge baki mai tsada ya biyo baya.

Gabatarwa

A tsakiyar hunturu, magidanci ya ɗebi ruwan da ya kwana a buta domin alwalar asuba. Da ya kai ruwan baki zai kurkure, sai ya ji kamar an soka masa allura a gindin haƙori, ya dafe kunci, ya furzar. Kafin ya wanke fuska ciwon ya wuce. Idan aka tambaye shi, cewa zai yi: "Haƙorina ba ya son ruwan sanyi." Wannan shi ne abin da muka kira tsargawar haƙori. Ya bambanta da dasashewar da mutum ke ji na ɗan lokaci bayan ya sha ɗanyar tsamiya, ko da yake tushensu na kusa, ya kuma bambanta da zogin haƙori mai kogo, wanda ke hana barci.

Ma'anar da masana suka daidaita a kai ita ce ta Holland da abokan aikinsa a 1997: gajeren ciwo mai kaifi da ke tasowa daga dantin (sashen haƙori da ke ƙarƙashin ɓawo) da ya tonu, wanda ba za a iya danganta shi da wata cutar haƙori ba. Ƙarshen wannan ma'ana shi ne mafi muhimmanci a Damargu. Sai an kawar da zaton kogo, tsagewa da ƙurji kafin a ce tsargawa ce. Game da yawan masu fama da ita, nazarin da Favaro Zeola da abokansa suka tattara a 2019 ya sami alƙaluma daga kashi 1.3 har zuwa 92.1 cikin ɗari, gwargwadon wurin bincike da hanyar awo, suka ce kashi 11.5 ne kiyasin da ya fi inganci. Wannan tazara kaɗai ta isa gargaɗi ga mai son ɗauko alƙaluman Turai ya ɗora wa ƙauyen Sahel.

Yadda ciwon ke aukuwa

Haƙori na da ɓawo mai tauri a waje, inamel, wanda ba ya jin komai. Ƙarƙashinsa akwai dantin, sannan ɓargo mai jijiyoyi a tsakiya. Dantin cike yake da siraran kafofi masu ruwa a ciki, kimanin 20,000 a kowace murabba'in milimita ta wajen ɓawo, zuwa 45,000 a kusa da ɓargo. Martin Brännström na ƙasar Suwidin ya nuna a shekarun 1960 cewa sanyi, iska ko taɓawa na motsa ruwan da ke cikin kafofin, motsin ne kuma ke tsokano jijiya. Har yau wannan bayani ne ya fi karɓuwa.

A 1987 Absi, Addy da Adams suka kwatanta haƙora masu tsargawa da marasa ita. Masu ciwon sun fi yawan buɗaɗɗun kafofi wajen ninki takwas, faɗin kafofin kuma ya kai ninki biyu. Dokar Poiseuille ta nuna cewa idan faɗin bututu ya ninka biyu, gudun ruwa a cikinsa zai ninka goma sha shida. Ke nan ƙaramar zaizaya na iya haifar da babban ciwo, ƙaramar toshewa kuma na iya kawo babban sauƙi. Abu biyu ne sai sun haɗu: dantin ya tonu, ko ta lalacewar ɓawo ko ta janyewar dasashi, sannan bakin kafofin ya kasance a buɗe.

Abin da ke buɗe kafofin a Gangara

Ɓawon haƙori na fara narkewa idan tsami ya sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin pH, dantin kuwa tun daga sama da 6. Ruwan lemun tsami na tsakanin 2 da 3, zoɓo ma yana wajen 3 ko ƙasa, tsamiya kuma cike take da sinadarin tataric. Yawan abin da aka sha bai kai daɗewarsa a baki illa ba. Yarinyar da ke tafe tana tsotsar tsamiya daga rijiya har gida, ko ɗan kasuwar da ke kurɓar zoɓo mai ƙanƙara daga leda kaɗan-kaɗan tsawon yini, sun fi mai shanye ƙwarya guda a lokacin cin abinci shiga haɗari. Watan azumi na tara abubuwan wuri guda: baki ya wuni a bushe, miyau da ke kare haƙori ya yi ƙaranci, sai a buɗe baki da kunun tsamiya ko lemo mai sanyi.

Ya kamata a wanke fura da nono daga zargi, domin mutane kan haɗa su da sauran masu tsami. Nono na da tsami, amma yana ɗauke da kalsiyam da fosfet masu yawa, waɗanda ke hana shi cin ɓawon haƙori yadda lemo ke yi. A ƙasar gero da garke irin Damargu, kuskure ne ma'aikacin lafiya ya hana mutum furarsa saboda haƙori. Shayi kuma, wanda ake dafawa zagaye uku da sukari mai yawa a majalisar Buzaye da Hausawa, laifinsa kogo ne. Zafinsa yana tsokano tsargawar da ke akwai ne kawai.

Sai maganar goga. Asuwaki sunna ne, kuma yana tsabtace haƙori sosai idan an iya shi. Matsalar hannu ce. Wanda ya riƙe busasshen icen da bai tauna ya yi laushi ba, yana dirza gaba da baya a wuyan haƙori na dogon lokaci yana hira, dasashinsa zai ja baya. Eid da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 1991 daga Saudiyya cewa masu amfani da asuwaki sun fi masu buroshi janyewar dasashi. Goga da gawayi, toka ko gishiri don neman farin haƙori na ƙara kankare wurin. Haka garin taba da ake haɗawa da kanwa a dasa a leɓe: dasashi na janyewa daidai inda ake ajiye shi.

Kulawa gwargwadon hali

Mara lafiyar Gangara na farawa ne daga ɗakin shan magani na ƙauye ko cibiyar lafiya ta CSI, sannan asibitin gunduma a Tanut, sannan babban asibitin ƙasa na Zinder, tafiyar kimanin kilomita 150 daga Tanut. Na yankin Belbeji, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, su ma doguwar hanya ce a gabansu. Ba mamaki mutum ya zaɓi kanumfari, wanda man da ke cikinsa kan kashe ciwo na ɗan lokaci, ko ya danna ƙwayar asfirin a dasashi, wadda ke ƙona naman wurin, ko ya nemi a cire haƙorin. Asarar lafiyayyen haƙori a kan ciwon daƙiƙa biyar abin takaici ne, kuma ana iya hana ta da tambaya uku: ciwon na tafiya da zarar sanyin ya wuce? Yana tashin ka daga barci? Yana ciwo idan ka tauna ko an ƙwanƙwasa shi? Idan yana daɗewa, ko yana zuwa da kansa, ko akwai kumburi, a tura mutum gaba. Idan gajere ne kuma ana ganin wuyan haƙori a tone, nas na iya fara kulawa.

Mataki na farko ba ya cin kuɗi. A mayar da abin tsami lokacin cin abinci, a shanye shi kai tsaye, a kurkure da ruwa. A tauna kan asuwaki sai ya yi laushi, a goga daga dasashi zuwa bakin haƙori a hankali, a bar gawayi da toka. Shawarar da aka saba bayarwa ta jinkirta goga rabin awa zuwa awa guda bayan shan tsami ba ta da illa, sai dai binciken baya-bayan nan ya fi ba rage yawan shan tsamin muhimmanci. A lokacin ɗari, ɗumama ruwan alwala ya isa ya raba mutum da fargabar asuba.

Magunguna iri biyu ne. Akwai masu kwantar da jijiya, wato fotasiyam naitiret na kashi 5 cikin ɗari, wanda Hodosh ya gabatar a 1974, ko da yake bitar Cochrane ta 2006 ba ta sami hujja mai ƙarfi a kansa ba. Akwai masu toshe kafofi, kamar fulorayid na sitanos, ajinin mai kashi 8 tare da kalsiyam kabonet, da fentin fulorayid da ma'aikacin lafiya ke shafawa. Man goge baki na buƙatar mako biyu zuwa huɗu ana amfani da shi safe da dare, a tofar ba tare da kurkurewa ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man fulorayid cikin jerin magunguna masu muhimmanci, abin da ke ba hukumomin lafiya hujjar ajiye shi a CSI.

Amma a Nijar ba a maganar fulorayid ido rufe. A Tibiri ta jihar Maradi, ruwan rijiyar burtsatse mai fulorayid fiye da kima ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara, lamarin da ya fito fili wajen shekarar 2000. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a kowace lita. Don haka duk binciken da za a yi a Gangara ya kamata ya haɗa awon ruwan rijiyoyi da duba baki, a gwada kowane haƙori da busa iska na daƙiƙa guda bisa ma'aunin Schiff mai matakai daga 0 zuwa 3, a kuma yi wa kowane mutum gwajin sau biyu: sau ɗaya a tsakiyar hunturu, sau ɗaya a makon ƙarshe na azumi.